Namijin duniya da Turanci: amsa ga 'yar'uwar da ke son yabon mahaifinta

Assalamu alaikum. Kafin komai, Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin jure rashi.

Kin ce abokan aikinki waɗanda ba Hausawa ba sun nemi ki rubuta ɗan taƙaitaccen tarihin marigayi da Turanci. Kina so ki ce namijin duniya ne, mutumin da ya riƙe 'ya'yansa da marayun ƙaninsa da ɗinkin keke, ya yi doguwar jinya ba a taɓa jin ya koka ba. Da kika buɗe ƙamus sai ya jero miki manly, masculine, macho da virile, kika rasa wadda za ki ɗauka. Na ga wasu sun amsa miki cewa duk ɗaya ne, ki zaɓi wadda ta yi miki daɗi a baki. 'Yar'uwa, ba ɗaya ba ne. Don Allah kada ki miƙa takardar nan sai kin karanta abin da zan faɗa, domin biyu daga cikin kalmomin huɗun, in kika liƙa wa Baba su, kin faɗi abin da ko a mafarki ba ki yi niyyar faɗa ba.

Na shekara ashirin da biyu ina koyar da Turanci a sakandare, daga baya na koma aikin fassara, kuma wannan rukunin kalmomi na cikin waɗanda suka fi kayar da mutanenmu. Dalilin a bayyane yake. Mu kalma ɗaya muke da ita, namiji, muka ɗora mata kaya iri-iri: jinsi, jarumta, juriya, riƙon gida, har da abin da ya shafi shimfiɗa. Mai sauraro shi ke gane wanda ake nufi daga yanayin magana. Bature kuwa ya rarraba kayan nan, kowanne ya ba shi kalmarsa, kuma kowace kalma da irin kallon da take yi wa mutumin da aka kira da ita. Wata yabo ce, wata ba ruwanta, wata zargi ce. Ƙamus ƙarami ba ya gaya miki wannan.

Bari in fara da male, ko da yake ba ki ambace ta ba. Ita jinsi kawai take faɗa. Ita ce a kan fom, ita ce a ƙofar ɗakin kwanciyar maza a asibiti. Ana faɗinta ga ɗan'adam, ga bunsuru, ga bishiyar gwandar da ke fure ba ta 'ya'ya, har masu aikin lantarki suna kiran filogi mai haƙora male, ramin da yake shiga kuma female. Babu yabo a cikinta ko ƙwayar zarra. In kika kira mutum "a male" a cikin zance, sai ya ji kamar rahoton 'yan sanda ake karantawa a kansa.

Masculine ta ɗan matsa gaba. Tana nufin siffa ko yanayin da jama'a suka saba dangantawa da maza: murya mai kauri, faɗin kafaɗa, irin wani turare, irin wani ɗinki. Siffar take kallo, ba mai siffar ba, shi ya sa za a iya cewa wata mace tana da masculine voice, ko a ce adon wani ɗaki masculine ne. Ita ce kuma kalmar nahawu. Yadda muke cewa littafi namiji ne, riga mace ce, mu ce littafin nan nawa ne, rigar nan tawa ce, to wannan jinsin na littafi shi ake kira masculine. Faransanci da Larabci suna da wannan tsari kamar Hausa. Turancin dā ma yana da shi, amma ya zubar da shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, saura he da she da it. In kika rubuta cewa Baba masculine ne, mai karatu zai hango surarsa, ba zai hango marayun da ya riƙe ba.

Wani abu da ɗalibaina kan yi mamakinsa: male da masculine da macho duk tsatso ɗaya suka fito, kalmar Latin masculus. Biyun farko sun shigo Turanci ta hanyar Faransanci, ta ukun ta biyo ta Sifaniyanci. Female kuwa, da kowa ke zaton male ce aka yi wa ƙari, ba danginta ba ce. Daga femelle ta Faransanci take, zama kusa da male ne ya sa aka karkatar da rubutunta suka yi kama.

Manly ita ce ta fi kusa da abin da ke zuciyarki. Yabo ce tsantsa: ƙarfin hali, tsayuwa a kan gaskiya, ɗaukar wahala ba tare da raki ba. Kuma kalmar gida ce a wurin Bature, ba aro ba. Tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya zama yana da kalmomi bibbiyu a abubuwa da dama, ta gida da ta aro daga Faransanci ko Latin. Ta gida ta fi ɗumi, ta aro ta fi kama da maganar ofis da littafi. Ki kwatanta da yadda muke cewa tsoron Allah mu kuma ce taƙawa, ko rasuwa da wafati. Manly da masculine haka suke. A ƙarni na 19 Turawan Ingila sun ɗauki manliness da girma ƙwarai, makarantun kwanansu na 'ya'yan manya suka mayar da ita abin da ake cusa wa yaro ta hanyar wasanni da horo mai tsanani. Da wannan tunanin suka zo mana. Shi ya sa a Kwalejin Katsina, da aka buɗe a farkon shekarun 1920, kurket da wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu suka zama wani ɓangare na tarbiyya, ba abin rage lokaci kawai ba. Sai dai a yau kalmar ta ɗan tsufa. Matasan Ingila da Amurka sun fi amfani da ita a kan gemu da ƙirji da murya, sau da yawa ma cikin raha. Ba kuskure ba ne ki sa ta, amma ba za ta iya ɗaukar nauyin namijin duniya ita kaɗai ba.

Akwai 'yar'uwarta da ƙamus ɗinki bai ba ki ba, wadda ni nake ƙauna ƙwarai: manfully. Wannan ita ce namijin ƙoƙari ɗinmu sak. "He struggled manfully to keep all of us in school", wato ya yi namijin ƙoƙari wajen ganin dukanmu mun yi karatu. Tana nuna cewa abin ya yi nauyi, mutumin bai saki ba. Kuma kamar yadda muke cewa ta yi namijin ƙoƙari ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, haka Turawa kan faɗe ta a kan mace. Wannan kam ki ajiye ta a gefe, za ta yi miki amfani.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Wata shekara a makarantar da na koyar, aka shirya walimar bankwana ga shugabarmu, mace ce mai tsayuwa, wadda ta gyara makarantar bayan ta lalace. Aka ba wani ɗalibi haziƙi ya yi jawabi a madadin 'yan'uwansa. Yaron nan yana so ya ce mace mai kamar maza, kirarin da muke yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau da duk macen da ta yi abin a zo a gani. Ya duba ƙamus, ya samo mannish. Ya tsaya gaban baƙi ya ce shugabarmu "a very mannish woman" ce. Waɗanda suka san kalmar suka sunkuyar da kai. Ita baiwar Allah ta gane abin da yake nufi, ta yi murmushi ta tafa masa, amma ni abin ya daɗe yana ci mini rai, domin yaro ya zo da zuciya ɗaya kalma ta ci amanarsa. Mannish a kan mace ake faɗinta, kuma aibatawa ce: tana nufin ba ta da fasalin mata, tafiyarta ko shigarta ko muryarta ta maza ce ta yadda bai yi kyan gani ba. Tun daga ranar na mayar da wannan darasi na musamman a ajina. Ɗafa-ƙeyar -ly yawanci yabo take kawowa, -ish kuma yawanci rainawa. Womanly yabo ne, womanish zagi ne ga namiji. Childlike tsarkin zuciya irin na yaro, childish kuwa yarinta da wauta. Boyish ce ta ɗan kauce wa wannan, ana faɗinta da daɗi a kan babban mutum mai fuskar ƙuruciya ko murmushin yara. Da yaron nan ya ce "a fearless woman" ko "a formidable woman", da ya isar da kirarinsa cif.

Sai virile, wadda ita ce ta sa na kasa wuce tambayarki. Asalinta daga vir ne, wato namiji a Latin. Daga wannan tushen aka samo virtue, kyawun hali, domin a wurin Rumawa virtus shi ne halin da ya kamaci namiji, musamman a fagen fama. Larabawa ma haka suka ciro muru'a daga kalmarsu ta namiji. To amma virile ba ta bi hanyar virtue ba. A Turancin Ingila da Amurka na yau, in aka ce mutum virile ne, abin da ya fara zuwa kunne shi ne ƙarfinsa na ɗa namiji wajen iyali da yawan haihuwa. Kalmar masu tallar maganin ƙarfin maza ce. Abin da ke rikita mu shi ne, a Turancin Nijeriya mun ba ta wani aiki dabam. 'Yan siyasa da jaridu kullum suna kiran "a strong and virile nation" ko "a virile opposition", suna nufin mai kuzari, mai ƙarfi. Wannan ya zauna, ba na ce kuskure ba ne, a kan ƙasa ko jam'iyya ko ƙungiya babu wanda zai fahimci wani abu dabam. Amma da zarar kin ɗora ta a kan mutum ɗaya, ta koma ma'anarta ta asali. An taɓa kawo mini wani ɗan littafin tunawa da wani dattijo in duba kafin a kai maɗaba'a, na tarar jikansa ya rubuta cewa kakansu virile ne, ya bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Jimlar ta yi daidai a nahawu, amma ba maganar da jika zai yi a kan kakansa ba ce. Da na bayyana masa sai ya riƙe baki. Muka canza kafin a buga.

Haka kuma ki yi hattara da manhood. Ma'anarta ta farko ita ce girma, lokacin da yaro ya zama cikakken mutum, kamar a ce "he grew to manhood in Zaria". Wannan lafiya lau. Amma ana sakaya al'aurar namiji da ita, kuma jaridun Nijeriya sun yi ta amfani da ita a labaran zargin satar mazakuta har wannan ma'anar ta kusa danne ta farko a kunnen mutanenmu. Bambancin da ke tsakanin mazantaka da mazakuta a Hausa, harafi kaɗan ne amma kowa ya san ba a musanya su, to manliness da manhood kusan haka suke. In halin kike nufi, manliness ce.

Macho a Sifaniyanci namiji kawai take nufi, har na dabba. Ta shiga Turanci a ƙarni na 20 ta Amurka, daga maƙwabciyarta Meziko, tare da machismo. Da ta shigo sai ta zo da ɗaci. Macho shi ne mai nuna isa, wanda ke buga ƙirji a san shi namiji ne, ba ya ba da haƙuri, ba ya tambayar hanya in ya ɓata, ciwo na cinsa ya ƙi zuwa asibiti don kada a ce ya yi rauni, ya daka wa matarsa tsawa a gaban mutane. Mu za mu ce mai ji da kai, ko mai fankama. A nan yankinmu ta sake samun wata ma'ana, ta ƙato mai ɗaga ƙarfe. 'Yan'uwanmu na zango a Kumasi da Accra za su gaya miki cewa a Ghana macho men su ne majiya ƙarfin da ake ɗauka haya lokacin zaɓe ko rikicin fili. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki yana ciyar da marayu, ina shi ina wannan kalma?

Na ga wani ɗan'uwa ya ba ki shawarar alpha male. Na san kalmar tana tashe a wurin samari a TikTok da YouTube, amma ina roƙonki ki bar ta. Alpha harafin farko ne a Girkanci, ɗan'uwan alif ɗinmu na allo. Kalmar ta yaɗu ne daga nazarin kyarketai. Wani masani, Rudolf Schenkel, ya lura da kyarketan da aka tara a gidan namun dajin Basel a Suwizalan, ya wallafa a 1947 cewa suna faɗa a tsakaninsu har ɗaya ya danne saura. Wani Ba'amurke, David Mech, ya ƙara yaɗa wannan a littafinsa na 1970. Daga baya shi da kansa ya shafe shekaru yana bin kyarketai a daji a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya fito a 1999 ya ce ba haka abin yake ba. A daji garken kyarketai iyali ne, waɗanda ake kira alpha ɗin uwa da uba ne kawai da ke ciyar da 'ya'yansu. Faɗan da aka gani na baƙin juna ne da aka kulle wuri ɗaya. Amma kalmar ta riga ta tsere, yanzu tana nufin namijin da ke son ya danne kowa. Wasu na ɗaukarta yabo, da yawa kuma in sun ji ta sai su ga mai girman kai.

Da yake mun zo nan, bari in taɓa toxic masculinity, domin na sha ganin ana faɗa a kanta ba tare da an fahimce ta ba. Ta yi tashe sosai har masu ƙamus na Oxford suka zaɓi toxic a matsayin kalmar shekarar 2018. Mutanenmu da yawa sun ɗauka ana cewa mazantaka guba ce. A nahawu ba haka jimlar ta ce ba. In na ce gurɓataccen ruwa, ban ce duk ruwa gurɓatacce ne ba, na ware wani iri ne. Abin da ake nufi shi ne irin mazantakar da ke cutar da mai ita da na kusa da shi: duka, danniya, ɗaukar tausayi a matsayin rauni. Gaskiya ne akwai masu jifan kowane namiji da ita ba gaira ba dalili, wannan kuwa ban yarda da shi ba. Amma asalin abin da take suka, addininmu ya riga kowa sukarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Kuma idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shi ya sa ba na son yadda ake ce wa yaro "man up" in yana kuka a kan rashi. Ma'anarta ka daure, ka zama namiji, kuma a wani wurin tana da amfani, amma ba a gidan makoki ba. Ki kula da ƙannenki maza a kwanakin nan, kada a hana su kukan ubansu.

Chauvinist kuwa, wadda wani ya tambaya a ƙasan tambayarki, daga sunan Nicolas Chauvin take, wani soja a labaran Faransawa da ya wuce gona da iri wajen son Napoleon. Da farko tsananin kishin ƙasa na makanta take nufi. A shekarun 1960 da 1970 masu fafutukar 'yancin mata suka yaɗa male chauvinist, wato mai ganin maza sun fi mata a komai. Zargi ce, ba a yabo da ita.

To me za ki rubuta? Shawarata ita ce ki daina neman kalmar da ke da namiji a cikinta. Da muka ce namijin duniya, ai ba jinsinsa muke sanar da mutane ba, kowa ya san namiji ne. Juriyarsa muke nufi, da riƙon amanarsa, da yadda ya tsaya wa na ƙasa da shi. Turanci yana da kalmomin waɗannan kai tsaye. Courageous ga ƙarfin zuciya. Steadfast ga wanda ba ya gushewa daga inda ya tsaya. Dependable ga wanda in ya ce zai yi, an gama. Selfless ga wanda ya fifita wasu a kan kansa. Ga yadda ya ɗauki ciwonsa kuma akwai fortitude, kalma mai nauyi da mutunci, wadda ta dace da jinya: "He bore his long illness with fortitude." Uncomplaining ma ta yi, ita ce wanda ba ya kokawa.

In kuma lallai kina son kalma guda da za ta tattara shi, gentleman ce. Asalinta ɗan babban gida take nufi, mai asali, daga baya ta koma kan hali, kamar yadda dattijo a wurinmu ya tashi daga mai furfura ya koma mai dattako ko da yaro ne. Mutanenmu kan ɗauka gentleman shi ne mai sanyi-sanyi wanda ba ya magana, ba haka ba ne. "A true gentleman" shi ne mutumin kirki, mai mutunta kowa, mai cika alkawari. "A man of his word" kuma shi ne mai magana ɗaya. "A family man" shi ne mai kula da iyalinsa, kada ki ji tsoronta, yabo ce mai kyau a wurinsu.

Da ni ce ke, ga yadda zan ɗora: "My father was a true gentleman and a man of his word. With one sewing machine he struggled manfully to raise his own children and his late brother's, and he bore his long illness with fortitude." Daga nan sai ki ba da labari ɗaya ƙarami wanda ke kika gani da idonki, ko daren sallar da ya kwana a kan keke don kuɗin makarantarku, ko wata magana da ya gaya miki a gadon asibiti. Ki sa adadin yaran da ya riƙe da shekarun da ya yi yana ɗinki, abokan aikinki za su so su san wannan. Ba laifi ba ne kuma ki rubuta namijin duniya da Hausa yadda take, ki bi ta da jimla ɗaya mai bayyana abin da mutanen garinku ke nufi in sun kira shi haka.

In kin gama rubutawa ki turo mini in duba miki kafin ki miƙa. Ki isar da ta'aziyyata ga Hajiya da sauran 'yan'uwa.